Kawu Maigandi a Bangon Silima

Fagge, Kano
9 ga Yuli, 1960

Zuwa ga yayana Jinaidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane, da fatan kana lafiya, kai da Atika da yara da duk mahautan rumfarmu. Yaya damina? Mu nan lafiya lau, sai dai zango ya yi sanyi, tunda ciyawa ta fito Fulani sun ƙi sakin shanu.

Yaya, wani labari na tsinta a bakin direbobin Gusau, na ce ba wanda zai gaya mini gaskiyarsa sai kai. Wai ɗan Kwaran nan, Balarabe mai kantin yadi, wanda ya yi ta yawo da na'urar ɗaukar hoto bara, ya haɗa fim na fatalwa a Wamakko da mutanenmu a ciki, kuma ana nan ana nuna shi a gidan silima a Sakkwato. Abin da ya fi ba ni mamaki, wai har da Kawu Maigandi. Kawunmu mai wankan gawa fa, wanda ko rediyo aka kunna tashi yake ya bar wurin! Me ya kai shi?

An ce in an gama da shi a can za a kawo shi nan Kano. Ka san yadda abokan cinikina suke damuna da tsiya, kullum Basakkwace kaza, Basakkwace kaza, wai ba mu iya komai ba sai jimar fata da jan magana. To na riga na cika musu baki, na ce ranar da ya iso ni zan kai su su ga garinmu a bango. Don Allah in ka gani ka gaya mini, ya cancanci kallo, ko in fara neman hanyar janye maganata? Akwai ban tsoro kuwa? Ka san ni, ina son irin wanda mutum zai fito yana waiwaye.

Ka gaishe mini da Kawu, ka ce masa ɗansa ya ji labari ya zama babban mutum.

Naka,
Sodangi

Gidan Igwai, Sakkwato
21 ga Yuli, 1960

Ƙanena Sodangi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Atika na amsawa, yara na amsawa. Gaisuwarka ga Kawu na isar, amma rabin saƙon na riƙe, za ka ji dalili.

Ka ce ko ya cancanci kallo. Tir! Wallahi da in sake zama gaban wanga abu gara a sa ni wankin tumbi tun safe har magariba. Ni abin da ya kai ni, yaran rumfa ne sunka yi ta ƙus-ƙus, in na juyo su yi shiru. Tun daga ƙofa ƙazanta ta tare ni. Zarnin fitsari, hayaƙin taba, bencin da na zauna duk tofin goro. Ga ruwa ya sauka da la'asar, wuri ba rufi, ƙafarka cikin caɓi.

Labarin wai wani attajiri ne ya mutu a Wamakko, ya tashi shina bin mutane. Ka san wa sunka sa attajirin? Gambo yaron mota, wanda ko wando biyu ba shi da su. Sun shafe shi da toka, sun naɗe shi da akoko daga kantin uban mai fim, ko hatimin masaƙa ba su yanke ba, duk ya juya baya sai ka gan shi ɓaro-ɓaro a ɗuwawunai. Fatalwa da takalmin taya, Sodangi! Wurin da anka ce ta tashi sama, ga igiya ƙiri-ƙiri, har da gwiwar hannun mai ja. Wurin da anka ce tsakar dare ne, rana na tsaka, jaki ya ratsa ta bayan fatalwa shina kaɗa wutsiya, wata mai fura ta aje ƙwarya tana dariya. Murya kuwa babu. Wani ƙato anka tsayar gefe da lasifika shina bayani, in fatalwa ta fito shi yi kuka kamar akuyar da anka taka. Jinin na sa ne daga mahautarmu. Hanjin ni na sayar masu da hannuna, ban san abin da za su yi da shi ba, ga ƙudaje sun fito fes, su kaɗai ne sunka iya aikinsu. Abin ya yi ta tsinkewa, a kunna fitila a yi ta zagin mai inji. Tsoro kake so? Ko ɗiyata Karimatu ba ta jin tsoron wanga.

Da iyakarta ke nan da na yi tsaki na manta. Yanzu saurara.

Bara yaron nan ya sami Kawu ya ce mashi majigi za shi yi irin na gwamnati, wanda ake kawowa fili ana koya ma mutane shukar auduga da ginin masai, amma shi nashi na koya ma mutanen ƙauye wankan gawa yadda shari'a ta ce. Ka san Kawu da wagga magana, kullum kukanai ke nan, wai a ƙauye kwara ruwa kawai ake a naɗe bawan Allah. Sai ya yarda. Anka kwantar da Gambo, Kawu ya yi mashi wanka cikakke da ganyen magarya da kafur, na'ura na juyawa. Da sunka dawo gari sunka biyo rumfa, na gasa ma Kawu hanta don na ga ya gaji. Shina ci yaron na ta murza na'uratai, ni na ɗauka wasa yake.

To ga abin da na gani a bango. Kawu na wanka. Sai ga wani hannu da wuƙa ya shiga ƙarƙashin mayafin gawa ya zaro hanta. Hannu mai agogo! Yaushe Kawu ya taɓa ɗaura agogo? Sai ga fuskar Kawu ta cika bango, shina tauna, shina murmushi, shina lasar yatsa. Ƙaton nan ya buɗe maƙogwaro ya ce ga mayen da ya ci hantar attajiri, shi ya hana shi kwanciyar kabari. Hantar sa ce, ni na barbaɗa mata yaji! Na tashi zan yi kan mai lasifika, yaran rumfa sunka rirriƙe ni.

Na je kantin, an ce yaron ya tafi Ikko. Mai gidan silima ya ce shi haya ya ɗauko, ba ruwanai. Kawu bai san komi ba, har yau tambayata yake yaushe za a kawo majiginai filin unguwa. Amma yara sun fara gudu in sun hango shi, kuma a gabana wata mata ta janye ɗanta daga hanyatai. Mutumin da ya wanke ubanmu, ya wanke rabin mazan da sunka rasu a wagga unguwa, ba shi da gona ba shi da rumfa, sunanai kaɗai gare shi. In anka ce maye ne, wa za shi sake buɗe mashi ɗakin gawa?

Ban yarda ka je ba, ban yarda ka kai kowa ba. Ka ce ma Kanawanka ƙarya direbobi sunka yi.

Haza wassalam.
Yayanka Jinaidu

Fagge, Kano
2 ga Agusta, 1960

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida. A tsaye na fara karanta takardarka a bakin zango, sai da na nemi wuri na zauna. Allah ya isa tsakaninmu da yaron nan. Kada ka damu, na gaya wa abokaina ba inda za mu, sun yi tsiyarsu sun gaji.

Amma ka yi haƙuri in faɗi nawa. Ina ganin ka ɗauki abin da zafi ya wuce kima. Akwai wani mai juya inji a silimar da ke kusa da mu, muna shan shayi tare, na kai masa maganar. Ya shigar da ni ɗakinsa ya nuna mini. Fim ashe wani dogon ƙyalle ne siriri mai sulɓi, hotuna jere a jikinsa. Da almakashi ake yanka shi, a liƙa wannan da wancan. A gabana ya ɗauko guntaye biyu da aka zubar, ɗaya na doki ɗaya na jirgin ruwa, ya haɗa su. Ya ce in ya ga dama sai ya sa in fito ina gaisawa da mutumin da ban taɓa gani ba. Ba sihiri ba ne, Yaya, aikin tela ne, kuma daga bayaninka telan ma bai iya ba.

To tunda abin ya lalace haka, lalacewar tasa ita za ta fisshe mu. Duk mai hankalin da ya ga agogon nan da takalmin taya ya san shirme ne. Ka sami Liman da dattawan unguwa, ka kai su su gani da idonsu, su fito su gaya wa jama'a. Ɓoye-ɓoyen nan da kake yi shi zai sa a ce lallai da wani abu. Kuma Kawu ba yaro ba ne, gara ya ji daga bakinka da ya tsinta a bakin 'yan talla.

Ban faɗa don in koya maka ba, kai ne babba. Ka gai da Atika, ka shafa mini kan Karimatu.

Ƙanenka,
Sodangi

Gidan Igwai, Sakkwato
24 ga Agusta, 1960

Sodangi,

Sallama da gaisuwa. Muna nan da rai.

Ka daɗe a Kano har ka manta garinku. Duk da haka na bi shawararka, don kada gobe ka ce na ƙi. Na sami Liman bayan azahar na zayyana mashi komi, har almakashin. Ya saurare ni sarai, ya ce shi bai yarda Maigandi maye ne ba, tare sunka yi allo. Da na ce to shi zo shi gani, sai ya dube ni kamar na shigo masallaci da kare. Ya ce, "Ni in shiga silima, Jinaidu? Gobe wa ka bina salla?" Sauran dattawan ko ƙarasa maganar ba su bari na yi ba.

Ka ga inda ƙullin yake. Waɗanda sunka ga fim ɗin 'yan tasha ne da 'yan caca, su dariya suke, sun san Gambo, kullum suna ganinai shina lodin buhu. Amma ba su ake tambaya wa za shi wanke mamaci ba. Tsofaffi da matan cikin gida ke yanke wannan, su kuwa ba su je ba, ba su zuwa har abada. Abin da ya iso kunnensu kawai shi ne an ga Maigandi a majigi shina cin hantar gawa. Kuma majigi bai taɓa yi masu ƙarya ba. An nuna masu auduga, sun shuka ta fito. An nuna masu jirgin ƙasa, waɗanda sunka je Gusau sun dawo sun ce haka yake. Atika ta yi ƙoƙarin yi ma wata tsohuwa bayani wurin suna, tsohuwar ta ce, "Ke yarinya, hoto na fa anka gani, ba labari ba."

Ranar Talata Malam Na'Allah ya rasu, Allah shi gafarta mashi. Ka san yadda suke da Kawu tun ƙuruciya, kuma kowa ya san ya sha faɗi a zaurenai cewa in ya riga, Maigandi ne za shi wanke shi. Ba wanda ya aiko. Kawu ya jiyo kuka, ya ce ruɗewa ce ta sa sunka manta, ya ɗauki butatai da ƙullin magarya ya fita, ni ina bayanai. A bakin zaure Lawwali, babban ɗan mamacin, ya tare ƙofa, kainai a ƙasa.

Ya ce, "Baba, ka huta. Mun aika Gidan Dare an kira Tambari mai wanka."

Kawu ya ce, "Tambari? Ai ubanka ya bar mani wasiyya."

Lawwali ya ce iyayenai mata sun ce in Kawu ya shiga, su za su fita. Zaure cike da mutane, Sodangi, waɗanda ya wanke ma uwaye da kakanni, ba wanda ya tsaya mashi. Kawu ya tsaya riƙe da buta har Tambari ya zo ya wuce ta gabanai. Da anka zo salla ya tsaya sahun baya, na kusa da shi ya matsa.

Da munka dawo ya zaunar da ni ya ce, "Mi niy yi?" Na gaya mashi duka, ina faɗi ina jin kamar in shige ƙasa, don hantar daga hannuna ta fito. Can ya ce, "Kai ni in gani." Na yi magiya har na gaji. Ya ce shi ba Liman ba ne, ba mai bin shi salla, kuma yanzu ba abin da ya rage mashi da za shi ɓace a can.

Na kai shi ranar nunin ƙarshe. Ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Ni ban kalli bango ba, shi na kalla. Farkon shirmen nan duk ko motsi bai yi ba. Da anka zo wurin wanka sai na ga hannunai na tafiya bisa gwiwatai, shina bin na bango. Wani ɗan iska a bayanmu ya ce a ɗaga mayafin mu ga kayan attajiri, wuri ya ɗauki ihu da fito. Nan ne Kawu ya sunkuyar da kai, tun kafin a zo ga hantar, bai sake ɗagowa ba.

A hanya ya tsaya bakin kwata ya yi amai. Na ce Allah shi tsine ma mai fim. Ya goge baki ya ce, "Bar shi, shi bai san mi yat taɓa ba. Ni na sani. Abin da nika yi bayan zana, tsakanina da mamaci, shi nik kwasa nish shanya gaban mashaya." Sannan ya rantse hannunai ba shi sake yi ma mai rai wankan gawa, ko don koyarwa, ko wa ya roƙe shi.

An ɗauke ƙazantar, an ce tana hanyar Kano. Maganata na nan, in na ji ka taka ƙofar wurin ba ni ba kai.

Wassalam.
Jinaidu

Fagge, Kano
6 ga Satumba, 1960

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ina neman gafara, ni na tura ka wurin Liman ban yi tunani ba. Allah ya ji ƙan Malam Na'Allah.

Abin ya iso. Ban je ba, kuma ba zan je ba. Amma shi ya zo inda nake. Yara ne ke yawo da allon talla a ka, da mai ganga a gaba, an zana fuskar Kawu da jan fenti, an yi masa haƙora har haɓa. Sun biyo ta zango, wani abokina ya ce af, ashe kawun naka ne wannan, shi ya sa ka iya zaɓen sa mai hanta. Ban san lokacin da na kife shi cikin kashin shanu ba. An raba mu, an ba ni rashin gaskiya, na karɓa.

Ka kawo Kawu nan. Ina da ɗaki a Fagge, ba wanda zai gane shi da wannan zanen banzan. Ya huta, a yi masa abinci, in maganar ta mutu ya koma. In ka ce to, sai in aiko da direban da na yarda da shi.

Ka gaya masa ina gaishe shi da girmamawa.

Sodangi

Gidan Igwai, Sakkwato
22 ga Satumba, 1960

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Wanda ka kife, Allah shi yi maka albarka.

Gari ya cika da shirin bikin 'yancin kai. Ana shafa ma itatuwa farar ƙasa, yaran makaranta na ta maci da tutoci, mu ma an ce mu tanadi shanu. Ni ko ɗaya ba shi gabana. Kawu na kwance. Tun ranar da na kai shi wurin can bai sake sa nama a baki ba, yanzu ko kunu sai Atika ta yi da gaske. Ƙafafunai sun kumbura, in ya yi magana kaɗan sai haki. Na yi mashi zancen Kano, ya ce shi inda anka rufe uwayenai nan za a rufe shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tambarin nan na Gidan Dare ba mugu ba ne, amma bakinai ba shi da ƙulli. Ya zauna wurin masu goro ya ce tunda shi za a kira ran da Maigandi ya cika, za shi matsa cikin da kyau shi ga ko ƙanƙarar maita za ta fito, kowa shi huta da gardama. Ka san abin da mutane ke cewa, wai maye duwatsu gare shi a ciki. Wallahi har an fara jira. Kuma masu dubiya, Allah shi shirye su, sun kawo maganar har gaban shimfiɗatai.

Jiya ya kira ni ya ce, "Ban son Tambari shi taɓa ni. Ko bai ga komi ba sai ya ce ya gani."

Na ce ni zan yi, Liman shi tsaya bayan zana shi riƙa gaya mani. Ya kama hannuna ya jujjuya shi ya ce, "Wanga hannun fiɗa na. Juya ni za ka yi kamar sa." Har ya ɗan yi dariya, ni kuwa na kasa. Ya ce Liman ya san farilla da sunna daga littafi, amma littafi bai faɗi yadda ake tallabe kai ba, ko yadda ake juya mutum mayafi bai zame ba, wannan sai an gani da ido. Na ce to in kwanta shi nuna a jikina, ko Atika ba za ta ji ba. Ya ce ya rantse, kuma ba shi zuwa gaban Allah da rantsuwa karyayya.

Sai ya ce, "Sodangi na da sanyin hannu, shi yay yi jinyar ubanku. Majigin nan na Kano. Ce mashi shi tahi shi duba. Daga inda nid ɗauki buta har inda nir rufe, wurin ga babu ƙarya ciki, ban rage komi ba. Shi dubi hannuna, kada shi dubi fuskata. In ya iya shi taho."

To ka ji. Ni da na hana ka, ni ne yau nake ce maka ka je. Ban janye ko kalma ɗaya ba, shara ce, kuma wanda ya yi ta Allah na ganinai. Ni sau biyu na shiga, amma farko fushi ya rufe mani ido, na biyu Kawu na kalla, ko da wane hannu ya fara ban iya gaya maka. Ka zauna kusa da bango. In zama ɗaya bai isa ba ka koma. Amma kada ka daɗe, Sodangi, numfashinai ba ya yi mani daɗi.

Allah shi ba ka juriya.
Yayanka Jinaidu

Fagge, Kano
3 ga Oktoba, 1960

Yaya,

Gaisuwa a gaggauce, direban da zai kawo maka takardar na jirana a ƙofa.

Na je. Ranar farko na kalla har ƙarshe. Duk abin da ka faɗa haka yake, har ya fi, mai lasifikar nan ma ya fi naku rashin kunya. Na koma washegari, na yi ta komawa, har ranar da gari duk ya tafi kallon wasan wuta na 'yancin kai ina kan benci. Da Kawu ya rufe mayafi nake tashi in fita. Mai yankan tikiti in ya hango ni cewa yake ga angon fatalwa ya iso, abokaina kuwa sun ce ashe daɗin nake ɓoye musu.

Yaya, ban san Kawu ba sai yanzu. Yadda yake naɗe tsumma a hannu ya shigar ƙarƙashin mayafi, idonsa na wani wajen. Yadda yake sa gwiwa ya tare bayan mutum kafin ya juya shi. Yadda yake tare ruwa da tafin hannu kada ya sauka a fuska da ƙarfi, ga shi kuwa ya san Gambo ne, da ransa. Ana ihu ana jifan bango da ɓawon gyaɗa, ni ina kuka a tsakiyarsu. In na koma ɗaki sai in gwada da buhun dusa, in lulluɓe shi da bargona. Jiya na juya shi dama, na juya shi hagu, bargon bai zame ba.

Na bar shanun a hannun abokin cinikina. Jibi zan hau motar Gusau, in Allah ya so ina bayan takardar nan da kaɗan. Ka durƙusa kusa da kunnen Kawu ka karanta masa wannan:

Kawu, ɗanka Sodangi ya gani, ya iya. Ba wanda zai shiga ɗakin sai ni, kuma ba mai jin komai a bakina. Kada ka yi gaggawa, Kawu, amma kada ka ji tsoro.

Wassalam.
Sodangi